Yatsu Huɗu a Wuyan Rigar Baffa

Da Alhaji Gana ya kame bakinsa ranar Juma'ar nan, da ba a yi ba. To amma mai sayar da yadi ne, mutumin Haɗeja, irin mutanen nan da hannunsu ba ya ganin tufa ya ƙyale. An idar da salla a masallacin Limawa, jama'a na ta laluben takalma, sai ya kamo hannun rigar Baffa Ahmadu ya murza tsakanin yatsu, ya ɗaga murya yadda har na waje za su ji, ya ce, “Kai, Baffa! Wannan riga taka ai alharini ce!”

Yabo ya yi, bawan Allah. Yo wa bai taɓa faɗin haka ba a Dutse? Jariri in fatarsa ta yi laushi, a ce alharini. Yarinya ta wanke kai ta sha man shanu, a ce gashin nan alharini. Shi kansa Baffan, da ya ƙare ƙuruciyarsa a bayan shanu a dajin Aujara, in ya shafa ɗan maraƙin da uwarsa ta gama lashewa, haka yake cewa. Abu dai in ya yi santsi, ya yi taushi, ya ɗan yi sheƙi, ya zama alharini ke nan, ba wanda ya taɓa tsayawa tambayar daga ina kalmar ta fito.

Sai dai shekarar ba irin sauran shekaru ba ce. Ita ce shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, ga azumi ya yi nisa, ko'ina ka juya kaset ɗin wa'azi ke tashi, mutane duk sun koma binciken kansu, tun daga mudun awo har tsawon wando. Malam Mujahid, wani malamin firamare da ke maƙwabtaka da su, yana tsaye a gefe ya ji. Ya matso ya rusuna, cikin ladabi kuwa, kada a ɗauki alhakinsa, ya ce, “Baffa, Allah dai ya sa ba na gasken ba ne. Alharini ai an hana maza.”

Tasi'u, autan Baffa, wanda ke riƙe da takalman tsohon, ya dubi fuskarsa. Ya san ubansa sarai. Wannan tsohon ne saniyarsa ta taɓa shiga gonar wani ta ci kan dawa biyu, ba wanda ya gani, ya yi tattaki har gidan mai gonar ya kai ƙarar kansa. Irinsa ake gaya wa haram a ƙofar masallaci?

Baffa ya zo Dutse ne daga Aujara saboda yanar ido, ana jiran bayan Salla a yi masa aiki, don haka a gidan Tasi'u yake zaune. Ya ɗora hannu a kafaɗar ɗan nasa yadda ya saba, suka kama hanya har gida. Suna shiga ya tuɓe rigar a tsakar gida, ya tsaya daga shi sai 'yar shara, ya miƙa ta gefen da yake jin numfashin Tasi'u.

“Karɓi. Ka je ka bincika mini. Duk abin da yake alharini a jikinta a farke shi kafin Salla. In ba a gano ba, na gama sa ta.”

“Haba Baffa, ai wasa Alhaji Gana yake yi. Magana ce kawai ta baki.”

“Shi Mujahidun ma wasa yake yi?”

Tasi'u ya rungumi riga.

Ba wata rigar a zo a gani ba ce fa. Farar babbar riga ce ta da, ta sha bugu har ta gaji, da ɗinkin aska biyu a ƙirji da zaren nan mai sheƙi na kasuwa. Abin da ke jikinta wanda ba ya sayuwa yana can a wuya, a linzami, wato ɗan ɗinkin nan da ake yi a ƙasan wuyan riga don kada ta yage. Da zaren Inna Rakiya aka yi shi, mahaifiyar Tasi'u. Yana yaro ya ga yadda ta yi: ta riƙa tsinto gidajen tsutsa a jikin itatuwan tsamiya in ta dawo tallan nono, ta dafa su da ruwan toka har rugar ta ɗauki wari, ta wanke, ta shanya, ta yi rani guda tana kaɗi da mazari, abin da ta samu bai wuce ƙwan zabo ba. Mai ɗinki ya ce ba zai isa komai ba sai linzami, aka yi linzamin da shi. Zaren tsamiya ke nan, mai ruwan ƙasa-ƙasa, ba sheƙi, ga kaushi kamar igiyar rama.

Inna ta rasu. Ƙorenta an rarraba wa 'yan'uwa, wasu sun fashe, zannuwanta sun ƙare a jikin jikoki, hoto kuwa ko ɗaya ba ta taɓa yarda an ɗauke ta ba. Abin da ya rage a duniya wanda ya fito daga hannunta shi ne ɗan ɗinkin nan. Baffa ba ya ambaton sunanta, kunyar Fulani ba ta bari, amma duk Juma'a da duk Salla rigar nan yake sawa, ko da an ɗinka masa sabuwa.

Karima, matar Tasi'u, ta ja shi ɗaki ta yi ƙasa da murya. “Baban Asma'u, kai ma dai da ɗaukar zafi. Mai sheƙin nan ai shi ne alharinin, kowa ya gani. In ta kama a farke, a farke shi, a bar na Inna. Wa zai kalli wannan mai kaushin ya ce alharini?”

Ya ji sanyi a ransa, don maganarta ta hau. Abin da ya rage shi ne a tabbatar.

Tabbatarwar ce ta zama aiki. Ranar Litinin ya tayar da zancen a ofis, a ma'aikatar gona inda yake sashen dabbobi, sai ga shi kowa malami ne. Wani ya ce alharini da siliki abu ɗaya ne, siliki dai bakin Turawa ne. Wani ya rantse ba ɗaya ba ne, siliki na mata ne, alharini na sarakuna. Idirisu direba ya ce shi a saninsa wata bishiya ce a Makka take fitar da shi kamar audugar rimi. Akawu ya ce gizo-gizo ke saƙa shi a ƙasar Sin. Da Tasi'u ya tambaya ko a cikinsu akwai wanda ya taɓa riƙe alharini na gaske a hannunsa, sai kowa ya ce ai matarsa na da shi. Ya fito kansa ya fi na da ɗaurewa.

Da aka tashi aiki ya naɗe rigar a jaka ya nufi kasuwa, rumfar wanda ya jawo abin. Alhaji Gana na ganinsa ya dafe kai.

“Wallahi Tasi'u ni yabo na yi. Tun ranar nan ban ji daɗi ba. Yaya Baffan?”

“Ya ƙi sa riga, Alhaji. Kai ka ce alharini ce, sai ka gaya mini wane ne alharinin a ciki.”

“Yo ni duk abin da ya ɗauki ido siliki nake ce masa, in ba haka ba wa zai tsaya? Dubi nan.” Ya nuna bandiran yadi jere har rufi, ja da kore da ruwan hoda, sai walƙiya suke. “Duk waɗannan siliki ne a bakina. Na gasken kuwa, rabon da in gan shi tun ina yaron kanti a Kano. Amma akwai yadda maigidana yake gwadawa. Wuta ba ta san yabo ba. Kawo.”

Ya shimfiɗa rigar a kan tebur, ya sa allura ta ciki ya zaro ɗan zare mai sheƙi daga gindin aska, ya ƙyasta ashana. Zaren ya kama fuu, ya ci har ƙarshe, ya bar toka fara. Gana ya kaɗo hayaƙin da hannu wajen hancinsa.

“Ka ji? Warin takarda. Wannan na kamfani ne, kwaikwayo ne, ko kusa bai haɗa hanya da alharini ba. Kai, alhamdu lillahi! Ka je ka ce wa Baffa ya sa rigarsa.”

Tasi'u ya ji kamar an sauke masa buhun gero daga ka. Har ya miƙa hannu zai naɗe rigar. Ai da ya naɗe! Amma Gana ya ji daɗin malantar da yake yi, bai gaji ba.

“Tsaya ka ga yadda auduga ma take yi, don ka iya bambancewa.”

Kafin Tasi'u ya buɗe baki, allura ta shiga linzami, ta fito da zaren Inna tsawon ɗan yatsa. Ashana ta taɓa shi. Bai kama ba. Sai ya nannaɗe, ya yi baƙi, ya dunƙule, wani wari ya tashi irin na babbakar kan rago ranar layya. Gana ya tsaya da guntun ashana a hannu har ta kusa ƙona shi.

“La ilaha illallahu. Wannan ai tsamiya ce.”

“Tsamiya ce mana. Inna ce ta kaɗa da hannunta. Wa ya ce ka taɓa?”

“Tasi'u, tsutsa ce fa take yin ta.”

“Na sani, a gabana aka dafa.”

“To ai shi ke nan. Alharinin ma tsutsa ke yin sa. Wancan tasu ce ta can, wannan tamu ce ta daji. Warin gashin nan da ka ji, shi ne shaidar.”

Tasi'u ya shafa askar da ke ƙirjin rigar, santsi har yatsa na zamewa. Ya shafa linzami, ya ji kaushi na kartar fatarsa. Ya sake shafa wannan, ya sake shafa wancan, kamar wanda aka canja wa hannu.

“Tsaya, Alhaji. Mai santsin ba shi ba ne?”

“Ba shi ba ne.”

“Mai kaushin shi ne?”

“Shi ne.”

“To don me ake ce wa abu mai santsi alharini?”

Gana ya ɗaga hula ya sosa kai. “Wallahi ka tambaye ni abin da ban sani ba.”

A hanyar gida Tasi'u ya wuce kwanar gidansa da babur bai sani ba, sai da ya ga ya doshi hanyar Kiyawa ya juyo. Haushi yake ji, amma ya rasa wanda zai ji haushinsa. Gana ya yi yabo, Mujahid ya yi nasiha, Inna ta yi kaɗi, Baffa yana tsoron Allah. Kowa ya yi daidai, ga shi kuma ana shirin sa reza a wuyan riga.

Karima ta saurare shi tana tace kunun buɗa-baki, ta ajiye rariya. “To wa ya aike shi ƙona na biyun? Ka ga, ka je ka ce wa Baffa an gwada mai sheƙin, ba alharini ba ne. Ƙarya ka yi? Ba ka yi ba. Ka tsaya a nan.”

Haka ya yi niyya, har ga Allah. Bayan an sha ruwa ya sami Baffa a kan buzunsa, ya durƙusa, ya ce an ƙona zaren ƙirjin, na kamfani ne, halas ne. Baffa ya ce madalla, ya miƙo hannu a ba shi rigar. Ya ɗora ta a cinya yana lalube, ya wuce aljihu, ya wuce aska, yatsunsa suka tsaya a wuya. Wanda ido ya gaza masa, hannu ke yi masa gani.

“Nan ma an taɓa.”

Tasi'u ya sunkuyar da kai.

“Me wutar ta ce a nan?”

Ina zai kai ƙarya a gaban wannan tsoho, bakinsa ko jiƙewa daga azumi bai gama yi ba? Ya faɗa masa duka. Da Baffa ya yi magana, ba da Tasi'u yake yi ba.

“Ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba.” Ya ja numfashi. “Duk sallar da na yi da rigar nan, da hannunta a ciki. Ni in an tambaye ni, na amsa. Kada a je a ɗora mata, tana kwance.”

Sai a lokacin Tasi'u ya gane inda abin yake ci wa tsohon rai, idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, “Baffa, ka ba ni dama in je wurin Malam Sharhabilu. In ya ce a farke, ni da hannuna zan farke.”

“Je ka. Amma kada ka roƙe shi sauƙi. Ka tambaye shi gaskiya.”

Malam Sharhabilu shi ne limamin unguwa, tsoho siriri, yana karatu da magidanta a zaurensa bayan la'asar. Tasi'u ya tarar da Malam Mujahid a cikin masu ɗaukar karatu, sai kuma ga Alhaji Gana ya biyo sawu, wai ba zai iya zama a rumfa ba alhali shi ya kunno wutar. Aka shimfiɗa rigar Baffa a tsakiyar tabarma, magidanta suka kewaye ta.

Malam ya ji bayani har ƙarshe, ya gyara zama. “Kalmar dai ta Larabawa ce, hariri suke cewa. Fatake suka kawo shi ta hamada, ja wur, mai laushi, bakin kakanninmu ya mai da shi alharini. Da yake ba su taɓa ganin abu mai laushinsa ba, sai duk abin da ya yi laushi suka riƙa kiran sa da sunan. Har abin ya bar hannun mutane, sunan ya zauna.”

“To tsamiya fa, Allah gafarta Malam?” in ji Tasi'u.

“A nan ne gizo... a'a, bari in faɗa maka kai tsaye. Malaman da na yi karatu a gabansu, na ga masu sa rigar tsamiya, masu tsoron Allah kuwa. Suna cewa ba ita aka hana ba, don abin da aka hana na ƙawa ne da taushin jiki, ita kuwa ka ji yadda take. Na kuma ga waɗanda ko taɓa ta ba sa yi, suna cewa tsutsa tsutsa ce, ta gida ko ta daji.”

“Wanne ne daidai a ciki?”

“Da na sani da ban kawo maka biyu ba.”

Tasi'u ya dubi rigar. Wannan amsar zai kai wa Baffa? Ai tun kafin ya rufe baki tsohon zai zaɓi mai tsananin.

“Amma akwai inda duka suka haɗu,” in ji Malam. “Ko alharinin gaske ne, an yi wa namiji rangwamen ado a jikin riga, in faɗinsa bai wuce yatsu huɗu ba. A haɗe fa, ba a ware ba.”

Malam Mujahid ya yi farat ya ce, “Haka ne, na ji wannan. Wallahi na manta ne ranar.” Fuskarsa ta nuna shi ma yana neman mafita.

Zaure ya ɗauki hamdala. Malam ya miƙa hannu ya ɗora yatsunsa huɗu a kan linzami. Yatsun Malam kuwa sirara ne kamar alƙalumman kara. Ɗinkin Inna ya leƙo ta gefe, kusan faɗin wani yatsan. Hamdala ta tsaya.

“Bari in gwada,” in ji Gana. Ya ɗora nasa, gajeru masu kauri, ai kuwa tun a na uku da rabi linzami ya ɓace. “Ato! Halas!”

“Da hannunka halas, da hannun Malam haram?” in ji wani daga baya.

Mujahid ya ce a bari ya ɗauko rula a gida. Aka tambaye shi inci nawa ne yatsa a shari'a, ya ce shi ma abin da zai tambaya ke nan. Malam ya ce abin lura shi ne hannun matsakaicin mutum. To fa! Wane ne matsakaicin mutum a Limawa? Wannan ya ce wane, wancan ya ce haba, wane ai bakanike ne, guduma ta buɗa masa hannu. Kafin ka ce me, kowa ya miƙo nasa. Na tela ya rufe, na mai shayi bai rufe ba, na wani ya rufe da dama ya ƙi da hagu. Har wani mai wucewa da buhun gawayi aka yi wa sallama ya shigo ya ɗora. Tasi'u na kallo, hannu bayan hannu, ana danna zaren Inna, ana ja, ana miƙar da shi, har wurin ya fara yin duhu da dauɗa. Bai san lokacin da ya fizge rigar ya ƙanƙame ta a ƙirji ba.

“Ya isa haka! Don Allah ya isa.”

Tasi'u ya ba Malam haƙuri. Malam ya ce ba komai, ya ƙara da cewa, “Ka gaya wa Malam Ahmadu duk abin da ka ji, kada ka rage. Ka kuma gaya masa ni na ce baiwar Allah ba ta da laifi, ko yaya ta kasance. Allah ya ji ƙanta.”

Da Tasi'u ya koma gida ya gaya wa Baffa, bai rage ba: asalin kalmar, da malamai masu sawa da masu ƙi, da yatsu huɗu a haɗe, da hannun Malam da na Gana da na mai gawayi. Baffa ya saurara. Maganar cewa Inna ba ta da laifi ya sa aka maimaita masa, ya ce Allah ya sa haka ne. Sauran kuwa bai ce komai a kai ba. Kwanaki suka yi ta tafiya, riga na rataye a ƙusa, Juma'a ta zagayo ya tafi masallaci da wata shuɗiyar riga ta Tasi'u wadda ta yi masa yawa. Tasi'u ya rasa gane ko an gama magana ne ko ba a fara ba. In ya tambayi Karima ta ce ya ƙyale tsoho, in ya ƙyale kuma ya kasa cin abincin sahur.

Ranar jajiberin Salla da hantsi, Karima na can baya tana suyar kaji, Baffa ya kira shi.

“Ɗauko rigar. Ka zo da reza sabuwa.”

Tasi'u ya ɗauko. Ya durƙusa a gaban buzu, ya shimfiɗa wuyan rigar a kan cinyar tsohon, ya ɓare rezar daga takardarta.

“Wa zai sa rigar nan gobe?” in ji Baffa.

“Kai ne, Baffa.”

“Wa za a tambaya a kanta?”

“Kai ne.”

“To ba da hannun Liman za a auna ba, ba da na mai yadi ba. Da nawa za a auna. Ni ba na gani, kai ne idona. Abin da ya leƙo, ka yanke shi, ko da zai warware sauran. Ka ji ko?”

“Na ji.”

Ya san zai warware. Ɗinkin linzami zare ɗaya ne ke riƙe da ɗan'uwansa, ga shi ya tsufa, in aka yanke gefe sauran ba zai kai Sallar layya ba.

Baffa ya yi bisimilla, ya lalubo gefen ɗinkin da hannun hagu, ya daidaita manuninsa na dama a kai, ya kwantar da sauran ukun, ya matse su gam. Hannu ne da igiyar shanu ta ci, gaɓoɓin sun kumbura, amma tsufa ya tsotse naman. Tasi'u ya sunkuya ya duba. Ta bayan ƙaramin yatsan, zaren Inna ya leƙo, siriri, bai fi faɗin ƙwayar dawa ba. Amma ya leƙo, ko makaho aka ba ya shafa zai ji.

“Ya rufe?”

Tasi'u ya dubi rezar da ke hannunsa. Ya ce a ransa, yanzu in na ce ya rufe na ci amanar idon da aka ba ni, in na ce bai rufe ba na yanke hannun uwata. Ya dubi fuskar Baffa ko zai sami abin kamawa. Tsohon ya kau da kai, ya fuskanci bango, idanun nan masu yana a buɗe.

Da Tasi'u ya mai da kallonsa ƙasa, sai ya ga ƙaramin yatsan yana motsi. A hankali, a hankali, ya rabu da ɗan'uwansa, ya matsa, har ya hau kan ɗan zaren da ya leƙo ya zauna. Tsakaninsa da na kusa da shi ga 'yar kafa nan, ana hango ɗinkin ta ciki. Rawar tsufa ce? Hannun Baffa yakan yi rawa, gaskiya ne. Ko kuwa mutumin da ya kai ƙarar kansa saboda kan dawa biyu ne yake wannan? Tasi'u ya kasa ganewa, kuma ya san har abada ba zai tambaya ba.

“Na ce ya rufe?” in ji Baffa.

“Ya rufe, Baffa.”

“Ka duba da kyau. Kai ne shaida.”

Hawaye ya ɗigo daga haɓar Tasi'u ya sauka a bayan hannun tsohon. Baffa ya ji shi, ba shakka ya ji, amma bai juyo ba.

“Ni ne shaida. In an tambaya, ni za a tambaya,” in ji Tasi'u.

Baffa bai ɗaga hannun ba sai da ya ji rezar ta koma cikin takardarta.